Taɓin Hankali: Aljani Ne, Jifa Ne, Ko Ciwo Ne Mai Magani a Asibiti?

Da zarar bidiyon wani matashi ɗaure da mari ya fara yawo a Facebook, ko aka ji maijego ta illata jaririnta, ko ɗalibi ya sha guba, sai muhawarar da aka saba ta tashi. Wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce jifa ne, wani ya ce ƙwaya ce, wani kuma ya ce ƙarancin tawakkali ne. A cikin gidan da abin ya faru ma haka ake yi. Ana ta jayayya a kan wa ya yi masa, watanni suna wucewa, wani lokaci har shekaru. Tambayoyin da za su amfani mara lafiyar kuwa ba a cika yin su ba. Wane irin ciwo ne? Yaushe ya fara? Wane magani ake ba mai shi, kuma har tsawon wane lokaci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, yana ɗauke da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Da wannan lissafi, da wuya a sami babban gida a Kano ko Maraɗi da ba shi da nasa. Yawancinsu suna zuwa kasuwa, suna zuwa masallaci, suna renon 'ya'ya, ba wanda ya san halin da suke ciki. Wanda ake gani tsirara a kan bola shi ne ya fi ƙaranci, kuma galibi shekaru ya kwashe ba magani kafin ya kai haka.

Ba ciwo ɗaya ba ne

A ce mutum yana da taɓin hankali kamar a ce yana da zazzaɓi ne. Ba a faɗi komai ba tukuna, don na cizon sauro daban, taifod daban, sanƙarau daban, kowanne da maganinsa. Abin da ya haɗa larurorin ƙwaƙwalwa shi ne canji a tunani, ko a yanayin zuciya, ko a ɗabi'a, wanda ya daɗe har ya jefa mutum cikin wahala, ko ya hana shi sana'arsa da ibadarsa da zama da mutane.

Biyu da suka fi yawa su ne ciwon damuwa da ciwon fargaba. A ƙiyasin 2019, na farko ya kama mutum miliyan 280, na biyu miliyan 301. Likita yana kiran damuwa ciwo ne idan mutum ya yi aƙalla mako biyu kusan kullum zuciyarsa a ƙuntace, ko abin da yake jin daɗinsa a da ya fita daga ransa, ga kuma wasu alamomi tare: barci ya lalace, abinci ya fita a rai, jiki ba ƙarfi, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ganin kansa ba shi da amfani, yana yawan tunanin mutuwa. Sai dai a wajenmu mai wannan ciwo ba ya zama gaban likita ya ce zuciyarsa a ƙuntace take. Cewa zai yi tsakiyar kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, gabansa na faɗuwa, ƙirjinsa ya yi nauyi, yana farkawa ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa. Sai a tura shi gwajin jini, a ce taifod da maleriya ne. Bayan wata biyu ya dawo, a ce olsa ce. Duk wanda aka yi wa gwaje-gwaje ba a ga komai ba, ciwo kuma ya ƙi tafiya, to a tambaye shi yadda yake barci da abin da ke cin ransa. Baƙin cikin rasuwa daban yake. Yana zuwa yana lafawa, mai takaba ma takan yi murmushi in an tuno wani hali na mamacin. Ciwon damuwa ba ya ba da irin wannan hutun.

Fargaba takan zo farat ɗaya: zuciya na bugawa da ƙarfi, numfashi na sarƙewa, gumi, mutum ya tabbatar mutuwa ce ta zo. Cikin minti goma abin ya kai maƙura, sannan ya sauka, gwajin zuciya kuma ya nuna lafiya lau. Akwai waswasi, wanda mai shi zai shafe awa guda a kan alwala ɗaya, ko ya yi ta maimaita kabbarar harama, ya san abin ba daidai ba ne amma ya kasa bari. Akwai kuma firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wanda rikicin Borno da Yobe da Diffa, da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, suka cika gidaje da shi. Mutum ya dawo daga hannun masu garkuwa, an yi barka, amma bayan wata guda har yanzu mafarkin dajin yake yi, ƙarar babur ta isa ta sa ya zabura.

Sikizofireniya ita ce abin da mutane suka fi nufi in sun ce hauka. Tana kama kimanin mutum ɗaya cikin 300, tana farawa yawanci daga ƙarshen samartaka zuwa shekara talatin, maza sun fi mata farawa da wuri. Ba da ihu take shigowa ba. Saurayi zai daina fita majalisa, ya kulle kansa a ɗaki, ya bar wanka, karatu ya lalace, a riƙa ganinsa yana murmushi shi kaɗai. Iyaye su ce miskilanci ne ko taurin kai. Daga baya sai jiye-jiye, muryoyi suna zaginsa ko suna ba shi umarni, sai kuma zargin da ba hujjar da ke kawar da shi: an sa masa guba a tuwo, maƙwabta da shi suke, mai magana a rediyo shi yake yi wa habaici. Ba ƙarya yake yi ba, muryar yana jin ta da gaske, shi ya sa gardama da shi ba ta haifar da komai sai ƙarin zargi.

Ciwon baifola shi ne mai hawa da sauka. In ya hau, mutum zai yi mako guda ko fiye yana barcin awa biyu ba ya jin gajiya, magana ba tsayawa, ya rabar da jarinsa, ya nemi aure nan da can, wani har ya yi da'awar walittaka ko ya ce shi ne Mahadi. In ya sauka sai ciwon damuwa mai tsanani. Tsakanin biyun kuma yakan koma garau. A nan tarkon yake: tunda ciwon kan lafa da kansa bayan makonni ko watanni, duk wanda ya yi masa magani na ƙarshe shi ake yaba wa, sai a ɗauka an rabu, sai ga shi ya dawo baɗi.

Maijego

Wannan na bukatar a ware shi, don ana rasa rayuka a kansa. Kuka da saurin fushi daga kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa abu ne da mata da yawa ke yi, yana wucewa kafin mako biyu. In ya zarce haka, uwa ta kasa barci ko da jariri ya yi, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, ba ta jin shauƙin ɗanta, to damuwar bayan haihuwa ce, kuma a ƙasashe masu tasowa tana samun kusan mace ɗaya cikin biyar. Mafi haɗari shi ne gushewar hankali bayan haihuwa, wanda ke samun mace ɗaya zuwa biyu cikin haihuwa 1,000, yawanci cikin mako biyun farko, wato dab da suna ko bayansa kaɗan. Maijego ta kwana biyu ba ta runtsa ba, tana sambatu, tana cewa an canza mata jariri ko jaririn ba mutum ba ne. Ranar da aka ga haka ranar za a kai ta asibiti, ba sai an yi arba'in ba. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada kuma a raba su kwata-kwata in akwai mai tsaro. Ciwo ne da ke jin magani ƙwarai, yawancin mata suna warkewa sarai, amma yakan dawo a haihuwa ta gaba, don haka a gaya wa masu awon ciki tun da wuri.

Lokacin da ciwon na jiki ne

Mutumin da jiya yake lafiya, yau ya wayi gari a ruɗe, bai san inda yake ba, bai gane 'yan gidansu ba, hankalinsa na zuwa yana tafiya, abin ya fi tsanani da dare, wannan ba asibitin ƙwaƙwalwa ya fara bukata ba, sashen gaggawa yake bukata. Maleriyar da ta hau kai, sanƙarau, taifod, faɗuwar sukarin jini, ciwon hanta ko ƙoda da ya yi nisa, buguwa a kai, duk suna kawo wannan. In akwai zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare, ko jijjiga, ko mutumin ya haura arba'in kuma bai taɓa yin irin haka ba, kada a ɓata ko awa ɗaya ana turare. A tsofaffi ma ba kowace ruɗewa ce gigin tsufa ba. Gigin tsufa a hankali yake zuwa cikin watanni da shekaru. Wanda ya zo cikin kwana biyu sau da yawa ciwon mafitsara ne ko na huhu, kuma yana warkewa.

Farfaɗiya kuma ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba ce, ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓa mai ita. In ta kayar da mutum a kwantar da shi a gefensa, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a tura masa cokali ko wani abu a baki.

Daga ina yake tasowa?

Ba dalili ɗaya ba ne. Akwai gado, amma abin da ake gada sauƙin kamuwa ne, ba ciwon kansa ba. Wanda ɗaya daga iyayensa ke da sikizofireniya, yiwuwar ya kamu kusan ɗaya cikin goma ne, wato tara ba za su kamu ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabin lokuta ɗayan ba ya kamuwa. Wannan ya isa ya sa a rage yanke wa zuri'a guda hukunci a wajen binciken aure. A kan gadon ne rayuwa ke ɗora nata: wahalar haihuwa, azabtarwa ko fyaɗe a ƙuruciya, zaman aure na duka da wulaƙanci, mutuwar aure, karayar arziki, bashi, gudun hijira, doguwar jinya.

Sai shaye-shaye. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye cikin shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wiwi, musamman in an fara ta tun ƙuruciya kuma ana sha kullum, tana ƙara haɗarin gushewar hankali. Tiramadol mai yawa yana kawo jijjiga. Amma kuskure ne a ɗauka duk matashin da hankalinsa ya taɓu ɗan ƙwaya ne. Da yawa ba su taɓa sha ba, wasu kuma ciwon ne ya riga ƙwayar, suka fara sha don su sami barci ko muryoyin su yi shiru. In aka yi maganin shan aka bar ciwon, komawa za su yi.

Malam da likita: ina saɓanin yake?

Mai cewa aljanu da sihiri gaskiya ne yana da nassi a hannunsa, kuma ba aikin likita ba ne ya yi masa gardama a kan aƙidarsa. Abin da likita ke cewa shi ne, waɗannan alamomin sun yi daidai da wani ciwo sananne, wanda ake gani iri ɗaya a Japan da Masar da Sakkwato, ana kuma ba shi magani ya lafa. Malaman Musulunci na farko ba su ga karo a nan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke afko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki. Hadisi ya yi umarni da neman magani, wani hadisin kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda Allah ya ɗauke wa hukunci, da wace hujja mutum zai sa masa bulala?

Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba sa hana ƙwayar asibiti aiki. Inda ake cutar da mara lafiya wuri uku ne. Na farko jinkiri, don bincike ya daɗe da nuna cewa gwargwadon daɗewar gushewar hankali ba magani, gwargwadon wahalar komawa daidai. Na biyu a ce masa ya ajiye maganin asibiti wai ba ya haɗuwa da na Musulunci ko na gargajiya. Na uku azaba: mari, duka da sunan aljanin ake duka, hana abinci, hayaƙin barkono a rufaffen ɗaki. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, makonni kaɗan bayan haka aka sake gano irinsa a Daura. A watan Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a sassan Najeriya, a gidajen mari, da coci-coci, da wajen masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba duka ne marasa tausayi ba. Yaro ya fasa ƙofa, ya zare wa uwarsa wuƙa, asibiti na da nisan kilomita ɗari biyu, ga gidan mari a bayan layi. Rufe gidan mari ba tare da buɗe wani wuri ba mayar da sarƙar cikin gida ne kawai.

Haɗa hannu tsakanin likita da mai maganin gargajiya kuwa an gwada shi a Najeriya. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ya nuna cewa in ma'aikatan ƙananan asibitoci suna ziyartar masu gushewar hankali a wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya suna ba su magani, sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da kulawar da aka saba. Malamin ruƙya da ya san alamomin da zai ce a wuce asibiti ya fi likita goma da ba a kai musu kowa ba.

Abin da ake yi a asibiti

Ba wani gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ciwon damuwa ko sikizofireniya. Gwaje-gwajen da ake yi don a kawar da ciwon jiki ne. Ganewar daga labari take fitowa, shi ya sa wanda za a tura rakiya ya zama wanda yake kwana gida ɗaya da mara lafiyar, ba kawun da ya zo jiya daga wani gari ba. A taho da duk abin da ya sha, na kemis da na gargajiya, a faɗi gaskiya a kan wiwi da ƙwaya, a faɗi ko akwai mai irin ciwon a dangi. Yawancin marasa lafiya ba a kwantar da su, magani ake ba su su koma gida.

Ga ciwon damuwa mai matsakaicin ƙarfi ko mai tsanani ana ba da irin su fuloksetin, yawanci miligiram 20 da safe, ko amitiriftilin da ake farawa da miligiram 25 da dare ana ƙarawa a hankali. Ba sa aiki ranar da aka fara. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu ake fara ganin canji, wani lokaci shida, alhali illolinsu, bushewar baki da jiri da tashin zuciya, tun makon farko suke zuwa. A nan mutane da yawa ke cewa maganin bai karɓe su ba su watsar. In an ji sauƙi kuma ba a tsayawa, ana ci gaba wata tara zuwa shekara, sannan likita ya janye shi sannu a hankali. Amitiriftilin yana da arha, amma in aka sha da yawa lokaci guda yana tsayar da zuciya, don haka ba a damƙa wa mai tunanin kashe kansa na wata guda a hannu, wani ne zai riƙe ya riƙa ba shi. Kuma dole likita ya tambaya ko mutum ya taɓa yin lokacin hawa, don ba wa mai baifola maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da ciwon.

Ga gushewar hankali akwai tsofaffin magunguna irin su Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, da haloferidol, akwai kuma na baya-bayan nan irin su risferidon da olanzafin. Barci da natsuwa kan zo cikin kwanaki, jiye-jiye da zargi kuwa sai makonni. Bayan tashin farko ana ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan alamomi sun ɓace, wanda kuma ciwon ya sha dawo masa yakan zauna a kan magani shekaru masu yawa. Wanda ba ya yarda da ƙwaya ko yake mantuwa, akwai allura irin su Modecate da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu.

Akwai illa guda da ya wajaba kowane mai jinya ya sani. Kwana ɗaya zuwa biyar da fara haloferidol ko danginsa, musamman a samari, wuya kan karkace gefe guda, harshe ya zaro waje, idanu su kafe suna kallon sama, muƙamuƙi ya riƙe. Duk wanda ya ga haka bai san dalili ba, rantsuwa zai yi aljanin ne ya fusata da maganin Bature, kuma gidaje da yawa daga ranar suke yanke hulɗa da asibiti. Alhali jijiyoyi ne suka ɗaure saboda maganin, akwai allurar da ke sake su cikin mintuna, daga nan a rage yawan maganin ko a haɗa da Artane. Wannan Artane shi ne dai Exol da matasa ke sha don maye, don haka a ɓoye shi a gida. Illar da ba a jira da ita ko kaɗan ita ce zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki duka da ruɗewa. A dakatar da maganin a garzaya asibiti.

Mai baifola magungunan daidaita yanayi ake ba shi. Litiyam shi ne mafi daɗewa, tun 1949, yana kuma rage haɗarin kashe kai, amma sai da gwajin jini a kai a kai, don tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba kaɗan ce. Zafin bazara, gudawa, amai, azumi ba shan isasshen ruwa, ko shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, duk suna iya sa ya taru a jini. Karkarwa mai ƙarfi, tangaɗi da harɗewar harshe alamun haka ne. Balfurowet yana aiki, sai dai yana nakasa ɗan tayi, don haka ana kauce masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki. Valium da danginsa masu sa barci da natsuwa kuwa na 'yan kwanaki ne, in sun wuce mako biyu zuwa huɗu jiki ya saba da su, an ƙara ciwo a kan ciwo.

Inda magani ke lalacewa

Ba a asibiti yawancin jinya ke rushewa ba, a gida ne, wata uku ko huɗu bayan an ji sauƙi. Mara lafiya ya koma sana'a, wani ya ce ai ka warke, har yaushe za ka yi ta shan ƙwaya. Ciwon ba ya dawowa washegari, sai bayan makonni ko watanni, shi ya sa ba a danganta dawowar da barin maganin, sai a ce an sake jifa. Kowace dawowa kuma tana tafiya da wani abu, jari ko aure ko karatu, kuma takan fi ta baya wuyar lafawa.

Wasu dalilan ba a faɗar su sai an tambaya. Olanzafin yana sa ƙiba da ci, yana iya jawo ciwon suga, don haka a riƙa auna nauyi da sukari. Risferidon yana iya tsayar wa mace da al'ada ko ya kawo ruwan nono, ya rage wa namiji ƙarfi, kuma magidanci zai gwammace ya watsar da magani da ya faɗi haka a gaban ƙaninsa. Likita ya keɓe da shi ya tambaya, don ana iya canza magani. Budurwar da aka ɓoye wa miji ciwonta takan bar magani ranar da aka kai ta ɗaki, ga hidimar biki da rashin barci, sai ciwo ya tashi a watan farko, aure ya mutu da zargin yaudara. Gaya wa mai neman aure gaskiya, a kai shi ya ji daga bakin likita, ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Mai ciki kada ta tsayar da magani da kanta, ta je a duba wanda ya dace. Da azumi kuma yawancin magungunan ana iya mayar da su sahur da buɗa-baki, a tambaya tun cikin Sha'aban.

Magana ma magani ce

Ga damuwa mara tsanani, da fargaba, da firgici bayan tashin hankali, zama da ƙwararre shi ne matakin farko, ba ƙwaya ba. Ba nasiha ba ce irin ta ka yi haƙuri. Aiki ne mai tsari, zama shida zuwa goma sha biyu ko fiye, ana koya wa mutum ya kama tunanin da ke kayar da shi ya auna shi, ya koma ayyukan da ya bari ɗaya bayan ɗaya ko da ba ya jin yi. Mai waswasi ana horar da shi ya yi alwala sau ɗaya ya tashi, ya jure ƙaiƙayin komawa har ya lafa da kansa, kuma malaman fiƙihu ma abin da suke ce wa mai waswasi ke nan, kada ya waiwayi kokwanto. Ba sai likita ne zai yi wannan aiki ba. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna yi wa mutane zama shida, binciken da aka buga a 2016 kuma ya nuna sun rage alamun damuwa ƙwarai.

Maganin lantarki da ake yi wa ƙwaƙwalwa yana da mummunan suna, amma yadda ake yin sa daidai shi ne a sa mutum barci da allura, a sassauta masa jijiyoyi, abin ya ɗauki 'yan mintuna, sau biyu ko uku a mako, jimla shida zuwa goma sha biyu. Ga wanda damuwa ta sa ya daina ci da sha, ko maijego da ciwo ya tsananta, yana cikin mafi saurin aiki. Illarsa mantuwa ce, yawanci ta ɗan lokaci.

In mutum ya ambaci mutuwa

Sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya. Wanda ya ce gara ya mutu ya huta, ko ya fara neman yafiya da rabon kayansa ba dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ita ke ba shi damar magana. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga inda zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Wa'azin wuta a wannan lokaci ba ya ƙara wa mai ganin kansa halakakke komai sai yanke ƙauna. Sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa iyalai ɓoyewa. Ghana ta cire irin wannan hukunci a 2023, kuma ya kamata Najeriya ta bi sahu.

Doka ta canza, likitoci ba su ƙaru ba

Dokar da Najeriya ta daɗe tana aiki da ita ta 1958 ce, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, kuma tsare mahaukaci ta sa a gaba, ba warkar da shi ba. A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi da mutunci, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun tallafi. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Ba ranar da za su isa. Abin da zai kai magani ƙauye shi ne horar da nas-nas da jami'an ƙananan asibitoci su gane ciwon su fara magani, kamar yadda shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ya tsara, da kuma tabbatar da cewa maganin yana cikin kantin asibitin kowane wata.

A yanzu, a Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, akwai kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Aminu Kano da na Zariya da na Jos. A Nijar akwai sashe a babban asibitin ƙasa da ke Yamai. Wanda ke nesa ya fara da babban asibitin da ke kusa ya nemi takardar turawa. Kafin a baro gaban likita, mai jinya ya sa a rubuta masa sunan ciwon da sunan maganin a takarda, ya tambayi illolin da zai iya gani da wadda za a dawo da gaggawa a kanta, ya kuma faɗi gaskiyar abin da aljihunsa zai iya, don tsohon magani mai arha da za a iya saye kowane wata ya fi sabo mai tsada da za a sha wata biyu a bari. A karɓi ranar dawowa, a kuma je ɗaukar sabon magani tun saura na mako guda a hannu.